Mujiya Da Ɓera A Baki

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Gaskiya ne, amma shi kansa ganin sai an koya. Yaro ya kan ɗauki littafi mai hotuna ya yi ta buɗawa, yana cewa wannan da kyau, wancan ba kyau, in ka tambaye shi dalili sai ya yi tsuru-tsuru. Yanzu kuwa hotuna sun yi yawa ƙwarai, kusan kowa yana yawo da kyamara a jikin wayarsa, har ya zama mutum ya kan ga hoto ɗari kafin azahar, bai tsaya a kan ko guda ba. Saboda haka mu ka ga ya kamata a wannan mako mu ɗauki hoto ɗaya tak mu zauna a kansa tare da ku, 'yan makaranta, mu dube shi yadda alƙali ya ke duban mai shaida. Watau mu tambaye shi abin da ya gani, da yadda a ka yi ya gani, da abin da ya bari bai faɗa ba, sa'an nan mu ga ko shaidarsa ta karɓu.

Hoton da mu ka zaɓa baƙi da fari ne, an ɗauke shi a Ingila cikin 1948. Mujiya ce a cikinsa, irin farar nan mai fuska kamar faifai, wadda ta ke wuni a cikin rufin makaranta, ko tsohon soro, ko kogon kuka. Irinta ce mu ke da ita a nan ƙasarmu, don kuwa jinsin ya game Turai da Afirka. An kama ta da dare tana cikin tashi, ta ɗaga fukafukanta duka biyu sama, ga wani ɗan ɓera yana reto a bakinta, bayanta kuwa duhu. Turawa su ka ga yadda ta tsayar da fukafukan ya yi kama da tsuntsayen da a ke zanawa a tambarin gidajen sarautarsu, su ka riƙa kiran hoton da haka. In kuna so ku gane abin da su ke nufi, ku dubi jar mikiyar da ke bisa tambarin Nijeriya. Ɓeran kuwa wani iri ne na ƙasashen sanyi, mai gajeriyar wutsiya da dunƙulallen hanci, cikin ciyawa ya ke zama.

Wanda ya ɗauki hoton sunansa Eric Hosking. An haife shi a Landan cikin 1909, ya rasu cikin 1991, ya kuwa ci abinci da hoton tsuntsaye tun zamanin da mutane ba su ɗauki wannan sana'a ba. Cikin watan Mayu na 1937, yana ƙasar Wales, ya koma da dare wurin 'yar bukkar da ya kafa kusa da sheƙar wata mujiya ta kurmi, mai launin ƙasa-ƙasa, sai ta kawo masa sura a fuska, farcenta ya shiga idonsa na hagu. Ciwon ya ruru har likitoci su ka cire idon don a tsirar da ɗayan. Da ya warke sai ya koma wurin ya ci gaba da aikinsa. Littafin tarihin rayuwarsa da ya fito cikin 1970, sunan da ya ba shi ma yana nuni da cewa ya ba da ido ya sami tsuntsu. An ce ba a shan zuma sai an sha harbi. Mun kawo wannan labari ne don ku san irin mutumin da ya tsaya bayan kyamarar, amma kada tausayinsa ya sa mu sassauta wa hotonsa. Wahalar mai aiki daban, kyawun aiki daban.

To, yaya a ka yi ya gani? Kun san yadda maharbi ya kan ɗaura kan burtu a goshi ya yi ta rarrafe har namun daji su saba da shi. Mai hoton tsuntsu ma haka ya ke yi, sai dai shi 'yar bukkar zane ya ke kafawa nesa da sheƙa, ya riƙa matso da ita kaɗan-kaɗan cikin kwanaki, har tsuntsun ya ɗauke ta kamar kututture. Sa'an nan ya shiga ya zauna, ba tari, ba motsi, wani lokaci har asuba. Sauran aiki na haske ne. A shekarun 1930 ƙwan fitila a ke amfani da shi, mai ƙonewa sau ɗaya, in ya haska sai a cire a sa wani, haskensa kuma ya kan ɗan daɗe, don haka sai tsuntsu ya sauka ya natsu a ke samunsa sosai. A shekarun 1940 a ka sami walƙiyar lantarki, wadda ta ke haskawa ta mutu cikin kashi ɗaya daga dubbai na sakan, ƙiftawar ido ma ta fi ta daɗewa nesa ba kusa ba. Hosking yana cikin na farko da su ka juya ta wajen tsuntsaye. Da ita ya tsayar da fiffike yana cikin kaɗawa, abin da idon ɗan Adam bai taɓa iya yi ba.

Yanzu mu zo kan kyawun hoton. Abu na farko da a ke duba ga hoton tsuntsu shi ne fuska da ido. In ido ya dusashe, ko da gashin jela ya fito ɗaya-ɗaya, hoton ya mutu. A nan fuskar ta fito sarai, kuma fuskar mujiya abin tsayawa ce a duba. Wannan faifan gashi da ya kewaye idanunta aikin kunne ya ke yi, yana tattara sauti yana kai shi ramukan kunnuwa da ke ɓoye a gefe, ɗaya ya ɗan fi ɗaya bisa, don ta san ko motsi daga sama ya ke ko daga ƙasa. Wani masani a Amurka, Roger Payne, ya saki ɓeraye a ɗakin da a ka toshe ko wace kafar haske, mujiya ta riƙa kama su da ji kaɗai; ya buga bayanin cikin 1971. Gashin gaban fiffikenta kuma yana da 'yan haƙora kamar matsefi, sauran kuwa laushi gare shi kamar auduga, shi ya sa ta ke wucewa bisa kan mutum bai ji ba. Duk waɗannan suna cikin hoton ga wanda ya san inda zai duba. Rashin launi ma bai rage shi da kome ba, don farar tsuntsuwa a cikin baƙin dare ba ta da bukatar wani ado.

Amma mu dai a ganinmu, ran hoton nan yana wurin ɓeran. Ku rufe shi da ɗan yatsa ku gani. Abin da zai rage tsuntsuwa ce kyakkyawa, irin wadda a ke maƙalawa a bango a manta. Ku ɗaga yatsan, sai labari ya dawo, don yanzu kun san inda ta fito, kun san abin da ta je yi. Har inda za ta ma kuna iya sani. Mujiya da ƙafa ta ke kamu. In don cikinta ta kama, ta kan sami wuri ta haɗiye shi ɗungum. In kuwa ta ɗauko shi ta nufo gida, sau da yawa ta kan mai da shi baki sa'ad da ta kusa shiga, don ƙafafun su sami damar sauka. Ashe ɓera a baki alama ce ta cewa akwai masu jira. Irin wannan mujiya ta kan yi ƙwai 4 zuwa 7, ta kwanta a kansu wajen wata guda, su kuma ƙyanƙyashe bi da bi, kwana 2 ko 3 tsakani, har babba ya yi girma ƙarami yana tsirara. Wata biyu cur iyaye su ke jigilar abinci kafin 'ya'yan su tashi. Mai hoton bai nuna mana ɗa ko ɗaya ba, amma ya sa mun ji kukansu. Wannan ita ce gwaninta.

Akwai daga cikinku wanda zai ce, to, ɓeran fa, ba abin tausayi ba ne? Lalle mai rai ne, kuma ba mu so ku zama masu kallon mutuwa kuna tafi. Abin da mu ka yaba wa Hosking a nan shi ne bai yi wasa da jini ba. Akwai masu hoto da su ke neman lokacin da shaho ya ke yagar ciki, don su firgita mai kallo ya tsaya. Wannan hanya mai sauƙi ce, mahauci ma yana iya tara mutane da ita. Hoton nan kuwa ya nuna abin a matsayin cefane, kamar maigida ya dawo daga kasuwa da ƙullin nama a hannu.

Duk da haka mai shaidar nan yana da inda ya gaza, kuma wajibi ne mu faɗa. Walƙiyar da ta tsayar da fiffiken ta tsayar da shi fiye da kima, har mujiyar ta zama kamar sassaƙa da a ka rataye da zare. Wanda ya taɓa ganinta tana kiwo da magariba ya san tashinta a hankali ya ke, ƙasa-ƙasa bisa ciyawa, tana tangaɗi kamar tsumman da iska ta ɗauka, ta tsaya cak a sama, ta juya, ta faɗa. Ba ko ɗaya daga wannan a hoton. Sa'an nan hasken ya faɗa a kan tsuntsuwa ya bar duniyarta a duhu. Ba mu ga saurar da ta yi farauta ba, ba mu ga farin wata ba, alhali kuwa ba ciyawa ba ɓera, ba ɓera ba mujiya. Mai kallo zai iya zaton tsuntsuwa ce da ta ke zaune cikin sarari ita kaɗai, ba ruwanta da gona ko manomi.

Gazawa ta uku ta fi waɗannan nauyi, ta kuma shafi dukan hotuna irin wannan. Mai hoto ba ya nuna sai daren da a ka yi sa'a. Ba wanda ya ke buga hoton mujiya ta dawo baki wayam. Amma sau da yawa ta kan kai sura ta kuskure. Gashinta mai laushin nan ba ya jure ruwa, in a ka kwana ana ruwa sai a kwana da yunwa. A shekarar da ɓeraye su ka yi ƙaranci, ƙananan 'ya'yan su kan mutu, manyan su rayu. Tambarin sarauta ba ya yunwa, mujiya kuwa tana yi. Sunan nan da Turawa su ka ba hoton ya ɗaukaka ta, ya kuma ɓoye wahalarta.

Sauran tambaya ita ce ta gaskiya da amana. Tun da hoton tsuntsu da abin da ya kama ya zama abin cin gasa, sai masu gaggawa su ka sami dabara. A ƙasashen sanyi akwai masu sayen ɓeran gida su jefa a kan ƙanƙara don mujiya ta kawo sura daidai gaban kyamara. Akwai masu zuba kifi a akwatin gilashi su nutsar a bakin rafi don tsuntsu mai kamun kifi ya faɗa inda su ke so. Hoto ya kan fito da kyau, amma shaidar zur ce, kuma tsuntsun da ya saba karɓar abinci a hannun mutane ya kan riƙa matsowa bakin hanya har mota ta buge shi. Babbar gasar hoton namun daji da gidan tarihin halittu na Landan ya ke shiryawa ta hana jawo dabba da abu mai rai. Cikin 2010 ta ƙwace kambun da ta bayar na 2009, don alƙalai sun gamsu cewa kyarkecin da ke cikin hoton na gida ne, horarre. Cikin 2018 ta soke wani hoto daga ƙasar Barazil, don masana sun ce dabbar da ke ciki, wata mai cin gara kamar dabgi, fata ce a ka cusa wa kaya a ka tsayar. Masu hotunan duka biyu sun musa. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne. Hanyar Hosking kuwa ta zama ce da jira, har tsuntsuwa ta kawo abin da ta kamo da kanta.

Amma ita ma hanyar jira a bakin sheƙa tana da haɗari ga mai sheƙar. Tsuntsuwar da a ka dama tana kan ƙwai ta kan gudu ta bar su su huce. Shi ya sa dokar Birtaniya ta 1981 ta sa irin wannan mujiya cikin tsuntsayen da ba a damunsu a sheƙa, mai son ɗaukar hotonta a can sai ya nemi takardar izini. Abin da a ka yi a 1948 ba laifi, yau sai da sharaɗi. Ku riƙe wannan, ku masu waya a aljihu: in samun hoto zai sa uwa ta bar 'ya'yanta, hoton bai kai kuɗinsa ba.

To, me ya kawo mu ga hoton wata mujiya ta Ingila, mu da mu ke nan? Dalili shi ne a ƙasarmu ba tsuntsun da ya kai ta baƙin jini, har karin magana a ke yi da ita. In ta yi kuka a kan soro sai a ce wani zai mutu, ko a ce mayya ce ta rikiɗa. Mun tuna wata shekara muna ƙanana a makaranta, masu gyaran rufi su ka tarad da sheƙarta a cikin silin, da 'ya'ya 5 fari fat kamar dunƙulen auduga. Kafin malami ya iso manyan yara sun gama da su da duwatsu, uwar kuwa ta yi ta kewaya ginin dare da yawa tana kuka. A ƙarƙashin inda sheƙar ta ke an share tulin wasu baƙaƙen dunƙule-dunƙule, har ya kusa cika kwando. Malamin ya fasa ɗaya da tsinke a gabanmu, sai ga gashi da ƙasusuwa da ɗan ƙoƙon kai mai jajayen haƙora biyu. Mujiya ba ta narkar da ƙashi da gashi, sai ta dunƙule su ta amayar. Ko wane dunƙule a kwandon nan ɓera ne, ko biyu, ko uku, da ba su kai ga rumbun kowa ba.

Ga lissafi ku yi a allo. Babbar mujiya ta kan ci ƙananan ɓeraye 3 ko 4 a dare. Ku ɗauki 3 ku ninka sau 365, za ku sami 1,095, ita kaɗai ke nan, ba a sa 'ya'ya ba. Manoma a wasu ƙasashe sun riga sun yi wannan lissafi. A Maleshiya ana kafa mata akwatuna a gonakin kwakwar manja. A Isra'ila an fara haka cikin 1983, daga baya manoman Jodan da na Falasɗinu su ka shiga, masu lura da aikin kuma sun ƙiyasta cewa mata da miji da 'ya'yansu su kan ci ɓeraye 2,000 zuwa 6,000 a shekara. A wurare da yawa na Afirka kuwa, babban abincinta shi ne ɓeran nan mai nonuwa da yawa, mai shiga gidaje da rumbuna, wanda shi ne ya ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da a ka fara ganewa cikin 1969 a garin Lassa da ke Jihar Barno ta yanzu. Ba mu ce mujiya maganin zazzaɓi ce ba. Rufe abinci da tsabtar gida su ne kan gaba. Amma wanda ya kashe ta ya rage wa ɓera abokin gaba. Mai zuba guba barkatai ma haka, don ɓeran da ya ci guba ya kan yi ta layi a fili, mujiya ta ɗauke shi, gubar ta koma cikinta. A Birtaniya an sami alamar irin wannan guba a hantar mafi yawan mujiyoyin da a ka auna.

Kun ga ke nan hukuncinmu a kan hoton. Ya gaza wajen nuna motsi, ya bar wurin zamanta a duhu, ya kuma ɓoye dararen yunwa. Amma abin da ya faɗa gaskiya ne, ya kuwa faɗe shi a fili yadda ko wanda bai iya karatu ba zai gane. An daɗe ana tuhumar mujiya da abin da ba wanda ya taɓa gani, ga shi an kama ta dumu-dumu da abin da ta ke yi da dare, ashe ɓera ta ke ɗauke da shi. Mun karɓi shaidarsa.

Abin da mu ke roƙonku shi ne ku gwada wannan awo a kan hoton tsuntsu na gaba da zai zo hannunku, ko shirwa ce da ɗan tsako, ko zalɓe da kifi, ko balbela da fara. Ku duba idon, ku duba abin da ke baki ko ƙafa, ku tambayi kanku inda mai hoto ya tsaya da abin da ya yanke ya zubar, da kuma ko tsuntsun ya yi hasarar wani abu don a sami hoton. In kuma akwai mujiya a rufin makarantarku, ku bar ta. Ku gaya wa malaminku ya kai ku ƙarƙashin inda ta ke kwana da rana tsaka, ku tona dunƙule ɗaya da tsinke, ban da hannu, ku ƙidaya kawunan da ke ciki, sa'an nan ku wanke hannu da sabulu. Wanda ya ƙidaya ya rubuta adadin a littafinsa, da ranar, da sunan garin, ya ajiye, bayan wata guda ya sake ƙidayawa ya gwada.